Baƙin Mayafin Babbar Kyamara: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Mutum zai tara kuɗi wata da watanni ya sayi babbar kyamara mai zugazugi, ya yi odar fim ɗin inci 4x5 daga waje, amma in aka zo kan ƙyallen da zai lulluɓa ya saita hoto sai ya jawo tsohon zanin gado. Hoto ya fito dishi-dishi, a ɗora wa lens laifi. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon shiga, shi ya sa na zauna rubutawa.

Wannan kyamarar ba ta da allo mai haske irin na waya. Hoton yana sauka ne a kan wani gilashi mai hazo da ke bayanta, kai a ƙasa ƙafa a sama, dama ta koma hagu, ga shi a dushe. Da lens ɗin 150mm mai buɗewa zuwa f/5.6 (lambar buɗewar lens ce: ƙaramar lamba, ƙarin haske) abin da sauƙi. Ɗaura 90mm mai f/8 ka ga yadda kusurwoyi ke nutsewa cikin duhu. Duk hasken da ya kutso ta gefe yana wanke ɗan abin da kake gani, daga nan sai saiti ya koma canki-canka.

Tun a shagon yadi ake fara ɓata abin. Baƙin launi ba shi ne tare haske ba. Kafin mai shago ya sa almakashi, fito da yadin bakin ƙofa, ɗaga shi ka fuskanci rana. In ka ga ɗigo-ɗigon haske ta cikin saƙar, mayar masa da kayansa. Ni falle biyu nake haɗawa, baƙin auduga mai matsattsiyar saƙa a ciki, fari a waje. Wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin baƙi tsantsa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, ya san amfanin farin: gumi na zuba cikin ido, burinka kawai ka fito, sai ka ce "ya yi" alhali bai yi ba. Mayafan Harrison da ake sayarwa a Amurka ma haka aka yi su, ruwan azurfa a waje, baƙi a ciki. Kuma farin gefen yana da wani amfanin, ka ba yaro ya riƙe ya mayar da haske fuskar wanda kake ɗauka.

Yadi mai leda, irin na rigar ruwa, yana tare haske sosai amma ba ya numfashi. Da sanyin safiyar hunturu numfashinka biyu ya isa ya rufe gilashin da tururi.

Yanzu ga wanda ke tafasa min zuciya. Akwai wata tsohuwar shawara da ke yawo, wai a ɗinke kwabbai ko guntun darma a kusurwoyi huɗu don kada iska ta ɗaga mayafin. Don Allah ku bari. Na bi wannan shawara, tela ya ɗinke min zobban ƙarfe tsaf, har ina yaba aikin. Wata rana a bakin dam, na gama saiti na yaye mayafin zan rataya a kafaɗa, iska ta kama gefe ɗaya ta yi bulala da shi. Ƙas! Gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Kaurinsa duka-duka wajen milimita 2 ne, me zai iya da ƙarfe? Kuma ba gilashin taga ba ne da za ka ce mai yankan gilashi ya yanko maka. Sai an goge fuskarsa guda ta yi hazo, kuma dole wannan fuskar ta zauna daidai inda fim zai zauna, in ba haka ba duk saitin da ka yi na banza ne. Kyamarar ta daɗe a akwati ina jiran sabo ya iso, aikin da na je yi kuwa ya bi ruwa. Ran nan gilashi zoben ya samu. Da idona ya samu fa? In nauyi kake so, ka ce wa tela ya naɗe bakin sau biyu ya yi kalmasa mai kauri. Ya wadatar.

Ƙanen wannan shi ne ɗaure mayafi a jikin kyamara tam, a bar shi. Na san a nan mutane da yawa ba za su yarda da ni ba. Akwai wani mayafi da ake sayarwa da sunan BTZS, mai kama bayan kyamara da roba, masu shi kuma suna yabonsa, don duhunsa babu na biyu. A cikin ɗakin hoto ban ce komai ba. A fili kuwa, ƙyalle mai faɗin mita guda da ke maƙale a kyamara lema ce a hannun yaro ranar hadari. Kyamarori marasa nauyi irin Intrepid 4x5 na Ingila ba su kai kilo 2 ba, iska kaɗan ta isa ta kifar da su har da ƙafafun da aka ɗora su a kai. Ko babu iska, wani ya kira sunanka, ka miƙe da mayafi a wuya, kyamara ta biyo ka. Na ga an yi a gabana, mai ita ya tsaya riƙe da kai ya kasa ko salati. Mayafi na jikinka ne, ba na kyamara ba. In ka fito, ya fito tare da kai.

Za ka ce to hannu nawa gare ni? Ɗaya na riƙe da madubin ƙara girma, ɗaya na murɗa saiti, wa zai tattare ƙasan mayafin? Tambaya ce mai kyau, don hasken da ke tasowa daga ƙasa, musamman kan yashi ko siminti, shi aka fi mantawa da shi. Abin da nake yi, na sa an ɗinka ɗan guntun Velcro, irin mannen takalmin yara, a bakunan biyu, su haɗu da juna a ƙarƙashin kyamara. Sako-sako, yadda in an fizga zai buɗe da kansa. Abin matse shanya guda ɗaya ma yana yi.

Sauran ƙanana ne. Girma: na 4x5 kamar mita 1 da santimita 20 a tsawo, mita 1 a faɗi, na 8x10 ka kai mita ɗaya da rabi. Ƙarami ba ya barin ka ja kai baya ka ga hoton gaba ɗaya, babba kuma ƙasa yake shara. Karammiski yana da kyau a ido, amma ƙura yake kwasa ya zube maka ita a gidan fim (ɗan akwatin da ake saka fim a zura a bayan kyamara), ta fito ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar hotonka. Sabon baƙin yadi a wanke shi kafin a haɗa da farin, in ba haka ba gumi ya sa ya zuba a wuyan farar rigarka. Kar a bar shi yana kaɗawa a kan kyamara lokacin ɗauka, girgiza ce. Amma sa'ad da za ka zare marfin gidan fim cikin rana, lulluɓa shi a kai, don tsofaffin gidajen fim suna yoyon haske ta bakin da marfin ke fita.

Ranar da ka manta shi a gida, baƙar riga mai gajeren hannu tana fid da kai: zura kanka ta wuyan, ka jawo ƙasan rigar ka rufa wa bayan kyamara. Mai kauri dai, kuma ita ma a ɗaga ta a rana tukuna.