Yadda nake wayar da kai kan farfaɗiya ta WhatsApp

Ranar da ƙanena ya faɗi a bakin kasuwa, mutane suka zagaye shi suna kallo, babu wanda ya taɓa shi, wai yawunsa yana yaɗa cutar. Tun daga ranar na mai da wayata kayan aiki.

Ka fara da murya. Iyayenmu mata a rukunin dangi ba sa karanta dogon rubutu, amma saƙon murya na minti ɗaya sai su saurara har sau biyu, su tura gaba. Kowane saƙo magana guda: farfaɗiya larurar ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. Wani kuma: in mutum ya faɗi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, kada a cusa masa cokali a baki. In ta wuce minti 5, a garzaya asibiti. Ba na turawa sai wata ma'aikaciyar jinya ta saurara tukuna.

Masu cewa aljanu ne, kada ka yi musu dariya. Goggona ce kan gaba a wannan magana. Ban ja da ita ba, na dai ce, "Goggo, a yi addu'a, a kuma sha magani."

Bidiyon faɗuwar mara lafiya kuwa, kada ka kuskura ka ɗora ba da izininsa ba. Ƙanena sai da ya shekara kafin ya yarda a ji muryarsa, ranar 26 ga Maris, ranar da ake sanya shunayya domin masu farfaɗiya.