Yadda za ka fara zanen daji da na fuska da fenti ko ba wanda ya koya maka

Ni dai ba ajin da na shiga, da ɓata takarda na koya, kuma na daɗe ina ɗauka kala ita ce zane, ashe haske da inuwa ne, kala daga baya take zuwa.

Da farko kar ka fara a kan farin kanbas, wato yadin da ake zane a kai, farin nan yaudarar ido yake, duk kalar da ka ɗora sai ka ga ta yi duhu. Ka tsinka fenti ruwan ƙasa sosai ka shafe shi gaba ɗaya, in acrylic ne, wato fentin da ake tsinkawa da ruwa, minti 20 ya bushe, fentin mai kam sai haƙuri.

Sai ka ƙanƙance ido ka kalli abin da za ka zana har ƙananan abubuwa su ɓace, ya rage saura uku, wajen haske, wajen duhu, da tsaka-tsaki. Su za ka fara shimfiɗawa da babban buroshi, ƙaramin nan ɓoye shi ma, shi ke sa mutum ya ɓata awa guda kan gashin ido alhali kan a karkace yake.

In daji ne fara da sama, sai na nesa, sai na kusa. Dutsen da ke can nesa ya fi dusashewa kuma yana ɗaukar shuɗi-shuɗi saboda iskar da ke tsakaninku, in ka ba shi kala mai ƙarfi irin ta bishiyar gabanka sai ya taso ya zauna maka a hanci. Layin da ƙasa ta haɗu da sama kar ya raba hoton biyu daidai, ɗaga shi ko ka sauke shi. Ganye kuma ba a ƙirga shi, dunƙule ake yi.

Fuska ita ce mai tona asiri. Ido a tsakiyar kai yake, in ka auna daga saman kai zuwa haɓa, ni na farko da na yi can sama na kai su, mai fuskar ya kalla ya ce to malam ina goshina? Tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya ne. Farin ido kuma ba fari fat ba ne, toka-toka ne don fatar ido na yi masa inuwa, ka sa fari zalla mutum ya fito kamar an tsorata shi. Kala huɗu sun ishe ka, fari, baƙi, ja da rawaya mai ƙasa-ƙasa, su aka san mai zane Anders Zorn na Sweden da su.

Kafin ka ce ka gama, ja baya taku biyar, sannan ka haska zanen a madubi. Wallahi hancin da tun safe kake gani daidai nan za ka ga ya kwanta gefe guda, ka goge tun fentin bai bushe ba.