Allurar Zafi Ta Ƙi Tashi a Injin Dizal: Kurakuran da Aka Fi Yi da Gyaransu

Da sanyin hunturu direba zai taso daga Gombe da asuba, ya wuce Alkaleri, har ya shigo Bauchi allurar zafi na kwance ba ta motsa ba, shi kuwa sai murna, wai injinsa ba ya zafi. Wannan murnar ce kuskuren farko. An ƙera injin dizal ne don ya yi aiki ruwansa na tsakanin digiri 80 zuwa 95. In bai kai haka ba, man ba ya ƙonewa sarai: wani ya daskare baƙi a bakin nozul da bawul, wani ya zurara ta gefen fistin ya tsinka baƙin mai. Gumin ruwan da ke taruwa a cikin injin ma ba ya samun zafin da zai kore shi. Cire murfin da ake zuba baƙin mai ka juya bayansa. In ka ga wani abu fari mai kauri kamar kindirmo ya manne, to ko dai injin ya daɗe yana aiki a sanyaye, ko gaskit ya fara ba da ruwa.

Kuskure na biyu shi ne gaskata allura ba tare da an auna ba. Allura na iya yin ƙarya, kuma ƙaryarta mafi muni ita ce lokacin da ruwa ya yi ƙasa. Sansa, wato 'yar na'urar da ke ɗaure a jikin injin tana aika wa allura zafin ruwa, na auna abin da ya taɓa ta ne. In ruwa ya janye ya bar ta cikin iska, sai allura ta nuna sanyi alhali injin na dahuwa. Don haka tun kafin ka ta da injin, yana sanyi, buɗe murfin lagireto ka ga ruwa da idonka. Kada ka taɓa murfin nan injin na da zafi, tururi zai saɓule maka fata. Daga nan a yi aiki da injin minti 15 zuwa 20 da kaya a kansa, a auna gidan tamosta (ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa tsakanin injin da lagireto) da ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga. A nemi na makanikai, domin irin wanda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi lokacin korona don zafin jikin ɗan Adam aka yi shi. A saita shi a wuri mai fenti ko baƙi, ƙarfe mai ƙyalli na ruɗa shi. In ya nuna 85 allura na ƙasa, aikin mai gyaran wayoyin wutar mota ne. In ya nuna 55 ko 60, injin ne da gaske bai ɗau zafi ba.

A nan ne babban laifin yake, cire tamosta. Da wuya ka shiga gareji a Bauchi ko Gombe ba ka ji an ce, "Oga, wannan na ƙasar sanyi ne, nan ba a buƙatarsa" ba. Maganar ba ta da tushe. Aikin tamosta shi ne ya tsare ruwa cikin injin har ya kai zafin aiki, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Da ya buɗe, ba ya tare komai, ko da zafin Afrilu ne. Injin da ke tafasa, ciwonsa na wani wuri: lagireto ya toshe da laka, fanbel ya saki, famfon ruwa ya ci, ko murfi ya daina riƙe iska. Cire tamosta ɓoye ciwon kawai yake yi. Akwai ma abin da mutane ba su lura da shi: a injuna da yawa tamostan na da faifai a ƙasansa da ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke kewayawa cikin injin. In aka cire shi, hanyar ta zauna a buɗe, wani ruwan ya riƙa zagayawa ba ya zuwa lagireto. Sai ka samu injin da ke sanyi da safe, amma ya tafasa in tirela ta ɗauko siminti daga Ashaka ta kama hawa.

Gane an cire shi, ko ya maƙale a buɗe, ba wuya. Ta da injin daga sanyi ka riƙe tiyon sama na lagireto, hannunka nesa da fanka. In tamosta na aiki, tiyon zai zauna da sanyi na wasu mintuna, sannan ya ɗau zafi farat ɗaya. In tun farko ya fara ɗumi a hankali, ruwa na wucewa ba shamaki.

Wajen sayen sabo ma ana tafka kuskure, a ɗauki duk wanda ya shiga ramin. Kowane tamosta na da lamba a jikinsa, 76 ko 82 ko 88, ita ce digirin da yake fara buɗewa. Sayi wanda littafin injin ya ce. Kafin a ɗaura, rataya shi da zare cikin tukunyar ruwa a kan wuta, kada ya taɓa gindin tukunyar. Ya fara buɗewa kusa da lambarsa, ya gama kafin ruwa ya tafasa, ya koma ya rufe ruf in ya huce. Wanda ka ga haske ta bakinsa yana sanyi ya mutu. Wajen ɗaurawa, ɓangaren sifirin ya kalli injin, ɗan ramin fitar iska ya kalli sama, a sa sabon gaskit, a fitar da iska bayan an cika ruwa.

In matsalar ta waya ce, kada a yi gaggawar sayen geji. A yawancin masu waya ɗaya, in ka zare wayar sansa ka taɓa ta a jikin injin na daƙiƙa biyu, makulli a kunne, allura za ta harba sama. Ta harba, geji da waya lafiya lau, sansa ce ko mazauninta. Sau da yawa farin tef ɗin masu famfo ne aka nannaɗa a zaren sansar don hana yoyo, alhali ta zaren take samun at, wato haɗuwar wutarta da jikin injin. Tsatsa a bakin waya ma na kwantar da allura, haka nan haɗa sansar wani kamfani da gejin wani. Injin zamani mai kwamfuta kuwa, kada a yi masa wannan gwajin, a sa na'urar bincike.

Sauran kurakuran sanannu ne. Ana haɗa fankar lantarki kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa. A mayar da ita kan makunninta. Ana toshe gaban lagireto da kwali da asuba, a manta da shi har rana ta take. Masu janareta kuma su ta da babban inji don ƙwan lantarki uku da firji ɗaya. Injin da kayansa ba su kai kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba, ba zai ɗau zafi ba, sai ya fara zubar da baƙin ruwa mai danƙo ta salansa. Maganinsa a riƙa ɗora masa kaya sosai na awa ɗaya ko biyu lokaci zuwa lokaci.

Injin jirgin ruwa na da nasa hukuncin. Wanda ke jan ruwan teku kai tsaye cikin jikinsa, da gangan ake sa masa tamosta mai buɗewa wajen digiri 60, don kada gishiri ya daskare ya toshe hanyoyin ruwa. Mai irin wannan injin, ko da a tafkin Dadin Kowa yake aiki da shi, ya duba lambar da masu ƙera shi suka rubuta kafin ya ce allurarsa ta yi ƙasa.