Ku sa akwatin tambaya ya fara tsayawa a kan "A'a"

Idan manhajar da kuke rubutawa za ta fito da akwatin saƙo tana tambaya ko a goge fayil, ku tabbata maɓallin "A'a" ne zaɓaɓɓe tun farko.

Sau da yawa akwatin yakan faɗo ne mutum yana tsakiyar buga rubutu, yatsansa a kan Enter, kafin ya ankara ya amince da abin da bai karanta ba. A Windows, MessageBox, umarnin da ke fito da irin wannan akwati, yakan ɗora zaɓin a kan maɓallin farko, wato "Eh", saboda haka ku haɗa saitin MB_YESNO (mai fito da maɓallan "Eh" da "A'a") da na MB_DEFBUTTON2 domin zaɓin ya koma kan na biyu, wato "A'a". Masu aiki da Tkinter (kayan haɗa tagogin manhaja a yaren Python) kuwa, askyesno, wadda ke fito da akwatin "Eh" ko "A'a", tana karɓar default="no". Gyaran bai kai layi ɗaya ba, amma yana iya ceton aikin da wani ya wuni yana yi.

Ku kuma nuna wa akwatin tagar da ya fito daga cikinta, wato hWnd a Windows ko parent a Tkinter. In ba haka ba, yana iya maƙalewa a bayan wata taga, mai amfani ya zaci manhajar ta sandare.

Dabarar ba ta da tasiri idan akwatin yana fitowa a kowane ɗan motsi, domin hannu yakan saba da kai linzami kan "Eh" ba tare da ido ya karanta ba. A nan na fi son a cire tambayar gaba ɗaya, a adana abin da aka goge na ɗan lokaci, yadda za a iya dawo da shi.