Kurakuran da Masu Gida Ke Yi Wajen Bibiyar Gininsu

Yawancin masu gina gidan iyali ba sa samun damar wuni a wurin aikin. Wani yana aikin gwamnati a Abuja ginin kuma yana Gusau, wani yana kasuwanci a Legas ko Jidda yana turo kuɗi gida, wani yana gari ɗaya da ginin amma sai ƙarshen mako yake leƙawa. Dukansu tambaya ɗaya suke yi a waya: "An kai ina?" A ce an kai linta, mutum ya yi hamdala ya ƙara turo kuɗi. To, wannan tambayar ita ce kuskuren farko, domin tsawon bango ba ya nuna abin da aka binne a ƙarƙashinsa.

Abin da ya kamata ya fi damun mai gida shi ne duk abin da za a rufe. Harsashi za a cike shi da ƙasa, rodi zai nutse cikin kankare, bututun ruwa da na wuta za su ɓace bayan filasta. Fenti da tayil idan ba su yi ba ana sakewa, amma waɗancan sai an fasa gini. Don haka ka ɗora ziyararka a kan ranaku uku: ranar da aka gama haƙa, ranar da aka gama ɗaure rodi, da ranar da aka gama shimfiɗa bututu. Tun kafin a sa diga ka gaya wa magini cewa ba a zuba kankare ko buhu ɗaya sai kai ko wakilinka ya gani. Idan ka ji an ce, "Alhaji, lebura sun riga sun zo, ba za mu iya jira ba," ka biya su kuɗin wuninsu su tafi. Ya fi maka arha.

Masu nisa sun dogara da hotunan WhatsApp, kuma ba laifi, sai dai mai ɗaukar hoto kusurwar da ta yi kyau yake zaɓa. Ka nemi kiran bidiyo, kai ne za ka ce a juya nan, a matso can. A sa tef a cikin ramin harsashi ka ga zurfinsa da idonka. A ƙirga maka rodin ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka gama aikin bututu, a ɗauki hoton kowane bango ka adana, don nan da shekaru idan ruwa ya fara tsattsafowa ka san inda za a fasa.

Batun harsashi shi ne inda na fi jin takaici. Mutum zai kashe miliyoyi a kan kwano da silin na POP, amma ya bar birkila ya yanke zurfin tushe da ido, wai haka aka yi wa maƙwabci. Ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Jan marmara mai tauri daban, tsohon kududdufi da aka cike da shara daban, kuma unguwanni da dama a manyan biranenmu a kan irin wannan cikon suke zaune. A wasu sassan Borno, Adamawa da Gombe akwai baƙar laka da ke kumbura da damina, ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi har bango ya dare. Irin wannan wurin sai injiniya ya duba ƙasar kafin a zana tushe, musamman idan akwai niyyar ɗora bene ko da nan gaba ne. Mutane da yawa suna yin tushen gidan da ba bene ba, bayan yara sun girma su ɗora hawa a kai. Idan wannan tunanin yana ranka, ka faɗa tun yanzu. Kuma injiniyan ya zama mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ba duk wanda ya sa hular kwano ake kira injiniya ba.

Rodi ana cuta a cikinsa ta hanya biyu: a rage yawa, ko a rage kauri. Zane ya ce mai milimita 16, a sa mai 12. Zoben da ke ɗaure ginshiƙi a wara tazararsa don a samu rarar ƙarfe. Akwai kuma abin da ba cuta ba ne, sakaci ne: a shimfiɗa rodin dakin, wato rufin kankare, kai tsaye a kan katako ba tare da ƴan guntayen kankaren da magina ke kira biskit ba. Su ne ke ɗaga ƙarfen don kankare ya lulluɓe shi ta ƙasa. Idan babu su, danshi zai kai ga rodi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fara ɓarke silin.

Kwaɓin da aka saba yi wa ginshiƙi da dakin na gidan zama shi ne ɗaya, biyu, huɗu: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai in injiniya ya rubuta wani abu daban. Buhu kilo 50 ne, don haka lissafin ba shi da wuya. Wakilinka ya tsaya ya ƙirga kwanon sarki nawa ake zubawa a kan kowane buhu, ya kuma tara buhunan da aka zazzage da yamma a ƙirga. Ya lura da ruwa ma. Lebura suna son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa saboda ya fi sauƙin ɗauka, alhali yawan ruwa yana kashe ƙarfin kankare.

Sai shayarwa, wadda kusan kowa ya raina. Kankare ba bushewa yake so ba, danshi yake so. Yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa. A hunturu da bazara iskarmu tana zuƙe ruwan cikin sa'o'i kaɗan. Kuskuren shi ne ba a ɗora wa kowa wannan aikin, magini ya zuba ya tafi wani wurin, maigadi yana zaton ba nasa ba ne. Ka ware mutum ɗaya, ka biya shi, ka tanadi ruwan. Haka katakon da ya tallafi dakin, kada ka yarda kafinta ya cire shi da wuri don yana da wani aiki da zai kai shi. Magina na kirki suna barinsa kamar mako uku.

Bulo kuwa, ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri. Wanda ya ruguje ya zama yashi, a mayar da motar. Siminti kada ka saye shi da yawa ka jibge don gudun tashin farashi in aikin ba zai cinye shi cikin wata biyu zuwa uku ba, yana dunƙulewa. A ɗora shi kan katako, nesa da bango.

Yanzu kuɗi. Wanda ya biya gaba da aiki ya miƙa wuyansa. A raba biyan bisa mataki, a rubuce: harsashi zuwa DPC (shimfiɗar da ke hana danshin ƙasa hawa bango), DPC zuwa linta, rufi, filasta, ƙarasawa. Kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, kuma kowace tifar yashi ta shiga littafi da ranarta.

Nan ne maganar ƴan'uwa ke shigowa, kuma ina faɗarta da tausayi. Ana ɗora ƙane ko ɗan yaya a kan gini saboda amana, ba a ba shi ko sisi, sannan a sa ran zai wuni cikin rana wata da watanni. Ga kunya, ba za ka iya tambayar Kawu rasit ba. Gidaje nawa zumuncinsu ya yi rauni a kan buhun siminti? Gyaran shi ne ka yanka masa ladan tsayawa, ka ce masa littafin don lissafinka ne kai ma, sannan duban ingancin aiki ka bai wa masani wanda ba shi da alaƙa da mai kwangilar. Ɗan'uwa yana iya zama mai gaskiya ƙwarai amma bai san bambancin rodi 12 da 16 ba.

Kada ka bar uwargida sai an gama sannan ta zo gani. Ita ta san inda kicin ya kamata ya kalla, inda za a yi shanya, da ƙofar da za ta sa baƙon zaure ya hango tsakar gida. A zauna da ita a kan zane, domin gyara a takarda kyauta ne, a bango kuwa kuɗin bulo ne sau biyu. Zanen nan kuma a kai shi hukuma ta amince kafin a fara, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, kowace jiha da tata. Jan fenti a katanga bayan an kai linta ba ƙaramin tashin hankali ba ne. A kan zanen ne kuma za a raba sokawe da rijiya ko burtsatse iyakar nisan da fili ya bayar, har da na maƙwabta.

Kuɗin ƙarshe kada ka sake shi ranar da aka miƙa makulli. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa za ka riƙe wani kaso har ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kan rufin. Bayan ruwan ka shiga kowane ɗaki ka duba silin da gefen tagogi, ka zagaya waje ka ga ko ruwa yana kwanciya a gindin bango, ka buɗe duk famfunan gidan lokaci ɗaya. Abin da ya nuna matsala a gyara shi, sannan ka cika wa magini haƙƙinsa ba tare da ja masa rai ba.