Yadda Ake Magance Ƙaiƙayi da Ƙurajen da Filastar Homon Ke Bari a Fata

Ranar canjin filasta ta zo, kin ɓare tsohuwar, sai ga shatinta raɗau a fatarki, daidai girmanta daidai siffarta. Gefen ya yi baƙin zobe na danƙo da burbushin zaren tufa, tsakiyar kuma tana ƙaiƙayi kamar ki sa farce ki yage wurin. Ga shi filastar tana yi miki aiki: zafin da ke taso miki daga ƙirji zuwa fuska ya ragu, gumin dare ya lafa, barci ya dawo. A irin wannan hali ne mata da yawa ke cire ta su ajiye ba su gaya wa likita ba, bayan 'yan makonni kuma alamomin tsayawar al'ada su dawo musu sabbi fil.

Damuwar fata tana cikin illolin da aka fi samu da wannan filasta mai shigar da homon, wato sinadarin da ke daidaita ayyukan jiki, cikin jini ta fata, ko ta estradiyol, homon ɗin mata, ko ta testosteron, na maza, ko ta tazarar haihuwa. Sai dai galibi laifin ba na homon ɗin ba ne. Abubuwa uku ne ke haɗuwa: gam ɗin da ke riƙe filastar, gumin da ke taruwa a ƙarƙashinta kwana da kwanaki ba iska, da kuma ɓarewar da ke tafiya da siririn saman fata duk lokacin da aka cire. Duka ukun akwai yadda ake rage su.

Mataki na 1: Gane irin damuwar da ke gare ki

Kada ki tsallake wannan, domin a kansa sauran suka rataya. Iri biyu ne, kuma hanyarsu ta rabu.

Na farko shi ne fata ta gaji kawai. Shatin yana tsayawa a iyakar inda filastar ta zauna, bai wuce gefenta ba. Akwai ɗan zafi-zafi ko ƙaiƙayi, kuma da an cire, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya fara washewa da kansa. Yawancin mutane nan suke.

Na biyu shi ne alaji, wato garkuwar jiki ta ɗauki wani sinadari na filastar a matsayin maƙiyi. Wannan ba ya nuna kansa nan take. Yakan ɗauki awa 24 zuwa 72 kafin ya fito, kuma yana iya farawa bayan kin shafe watanni kina amfani da filastar lafiya lau. Ƙaiƙayinsa na hana sukuni, wurin yana kumbura, ƙananan bororo na iya fitowa suna tsatsar ruwa, ƙurajen kuma suna tsallake shatin su bazu. Kowace sabuwar filasta ta fi ta baya muni. Wani lokaci ma tsofaffin wuraren da suka warke sai su sake tashi idan aka liƙa sabuwa a wani gefen. In haka naki yake, juya wuri da shafa mai ba za su raba ki da shi ba, ki wuce kai tsaye zuwa mataki na ƙarshe.

Takardar da ke cikin kwali takan ce a lura da "jan fata". A fata mai duhu ba lallai a ga ja ba. Wurin na iya yin duhu fiye da kewayensa, ko ya yi shuni-shuni, ko toka-toka. Saboda haka ki sa yatsa ki shafa: ya yi tudu? Ya yi kaushi? Ya fi kewayensa ɗumi? Ki ɗauki hotonsa da waya a lokacin da kika cire, ki sake ɗauka bayan kwana biyu a cikin haske iri ɗaya. Hotunan nan biyu sun fi dogon bayani amfani a gaban likita, don sau da yawa kafin ranar ganinsa ta zo wurin ya riga ya lafa.

Mataki na 2: Zaɓi wuri, ki riƙa juyawa

Filastar estradiyol ƙasa da ƙugu ake liƙa ta, a mara ko a saman mazaunai, wasu kamfanonin sun yarda da cinya. Ba a taɓa sa ta a nono ko kusa da shi. Ki guji daidai layin ƙugu inda robar siket ko bel ke goga, da inda fata ke naɗewa, da inda nauyinki ke sauka idan kin zauna. Mata da yawa sun fi samun sauƙi a saman mazaunai, don fatar wurin ta fi ta mara juriya.

Ƙa'idar ita ce kada filasta ta koma inda ta tashi sai an yi aƙalla mako guda. Lissafin ba wuya. Idan irin wadda ake canzawa sau biyu a mako ce, kamar Evorel, Estradot ko Vivelle-Dot, ki ware wurare huɗu: mazaunin dama, mazaunin hagu, marar dama, marar hagu. Da haka kowane wuri zai huta kimanin kwana 10 kafin layi ya sake zuwa kansa. Idan ta mako-mako ce, kamar Climara ko FemSeven, wurare huɗun nan za su ba kowanne hutun mako uku. Mai fata mai saurin fushi ta raba kowane gefe biyu, sama da ƙasa, su zama takwas.

Kada ki dogara da ƙwaƙwalwa. Hannu yana da wurin da ya saba kaiwa, kuma can zai riƙa komawa. Ki rubuta a bayan kwalin: Litinin, dama ta baya, Alhamis, hagu ta baya. Wurin da bai gama warkewa ba kuwa, ko layinsa ya zo, a tsallake shi.

Mataki na 3: Shirya fatar

Ki wanke da ruwa da sabulu mara turare, ki ɗauraye sosai kada sabulu ya rage. Ban da dirza da soso. Ki tsane da tawul, sannan ki jira fatar ta bushe ƙarau ta kuma huce. Gaggawa a nan ce ke ɓata wa mutane: a fito daga wankan ruwan zafi, jiki na tururi, a manna filasta a sa kaya. Danshin da aka rufe ke nan, shi zai kwana uku ko bakwai yana jiƙa fatar.

Kada mai, kirim, hoda ko turare su taɓa wurin kafin liƙawa. Suna hana gam kamawa, suna iya canza yadda maganin ke shiga jiki, turaren da aka rufe a ƙarƙashin filasta kuma shi kansa mai jawo ƙuraje ne. Goge wurin da sifirit ma ba dole ba ne, busar da fata yake yi. In akwai gashi, a rage shi da almakashi. Reza tana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, filasta a kansu kuwa raɗaɗi ne.

Mataki na 4: Liƙawa

Yaga ledar da hannu, kada almakashi ya yanki filastar. Ɓare rabin murfin, ki ɗora, ki ja sauran, ba tare da yatsa ya taɓa gam ɗin ba. Ki tsaya a miƙe yadda fatar take a sake. In kika ja fatar ta yi tauri kafin ki liƙa, da kin saki za ta tattare a ƙarƙashin filastar, gefen ya yi ta jan ta har ya yi bororo. Danna da tafin hannu kamar daƙiƙa 10 zuwa 30, ki bi gefuna da yatsa, ki wanke hannu.

Mataki na 5: Kwanakin da take jiki

Wanka da iyo ba sa hana ta aiki, amma kada ki dirza kanta. Zafi ne abin gudu: jakar ruwan zafi, ɗakin tururi, ko barin rana ta doki filastar kai tsaye. Zafi yana ƙara gumi, yana kuma sa maganin shiga jini da sauri fiye da yadda aka tsara. Kamfai na auduga mai ɗan sakewa ya fi mai matsewa.

Idan ƙaiƙayi ya taso tana jiki, ki danna wurin da tafin hannu ko ki ɗora tsumma mai sanyi a kan tufa na 'yan mintuna. In gefe ya ɗaga, kada ki bi shi da salatif ko babbar filastar ciwo ki rufe gaba ɗaya, gam kan gam ke nan, ga ƙarin rufe iska. In ta estradiyol ce ta faɗi, ki sa sabuwa a wani wurin, ki ci gaba da bin ranar canjinki ta asali.

Mataki na 6: Cirewa

Ni a ganina rabin shatin da mutane ke kuka da shi a nan ake yin sa. Fizge filasta a tsaye, kamar mai son a gama da wuri, yana tafiya da saman fata. Ki ɗaga kusurwa ɗaya, ki danne fatar da ke gabanta da yatsan ɗaya hannun, ki ja filastar baya a kwance tana naɗewa a kan kanta, a hankali, ta bin kwanciyar gashi. Ƙarshen wanka da ruwan ɗumi lokaci ne mai kyau, gam ya yi laushi. In ta kafe, ɗigon man jarirai a gefe yana sassauta ta.

Sai baƙin zoben nan. Shi ne ke jan mutum ya sa farce, a kankare, a kankare, har wurin ya ɗaye, sannan a ɗora wa filasta laifi. Ki bar shi ya sha iska kamar minti 15. Sannan ki ɗiga man jarirai a auduga, ki ɗora na ɗan lokaci, ki murza a hankali kina zagayawa. Danƙon zai dunƙule ya fita ƙananan mulmule. Ki wanke man, kuma ki tabbata bai kai inda sabuwar za ta zauna ba. Ban da maganin goge jan farce.

Tsohuwar filasta har yanzu da sauran homon a jikinta. Ki ninke ta gam ya haɗu da gam, ki jefar inda yara da dabbobi ba za su kai ba.

Mataki na 7: Jinyar wurin da aka cire

Tsumma mai sanyi na minti 10, sannan man shafawa mara turare ko basilin, safe da dare. Idan ƙaiƙayin ya ƙi lafawa, kirim ɗin haidirokotison mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, siriri, sau ɗaya ko biyu a rana, kada ya wuce kwana 7 ba da sanin likita ba. Ba a shafa shi a kan fatar da ta fashe ko take ruwa. Ƙwayar alaji irin setirizin ko loratadin tana rage ƙaiƙayi ga wasu, mai harhaɗa magunguna zai duba ko ta dace da sauran magungunanki.

Bayan ƙurajen sun warke, duhu na iya zama a wurin, musamman a fata mai duhu. Yana gushewa, amma watanni yake ɗauka, kuma susa ce ke ƙara masa kwana. Kada ki bi shi da man bilicin ko kirim mai ƙarfi irin kulobetasol. Yawan shafa su yana sirantar da fata, ga wuraren liƙa filasta 'yan kaɗan ne, garin neman gira sai a rasa ido.

Za ki ji ana cewa a shafa wani abu a ƙarƙashin filastar tun kafin a liƙa. Akwai ƙamshin gaskiya. Takardar filastar testosteron ta Androderm ta ambaci shafa ɗan kirim ɗin tirayamsinolon mai kashi 0.1 cikin 100 a wurin, tare da gargaɗin kada a yi amfani da nau'insa mai maiƙo, don yana rage shigar maganin. Wasu likitoci kuma kan sa a fesa maganin sitiroyid na hanci, mai rage kumburi, a fata, ya bushe, sannan a liƙa. Amma duk abin da ya shiga tsakanin filasta da fata yana iya taɓa adadin homon da ke shiga jini, har da ruwan kariyar fata da ake sa wa masu ciwo. Don haka likita ne kaɗai zai yanke wannan shawarar.

Mataki na 8: Komawa wurin likita

Idan kin bi matakan nan na canji huɗu ko biyar ba sauyi, ko alamun alaji sun bayyana, ki tafi da hotunanki da kwalin. Abu na farko da akan gwada shi ne canza kamfani. Homon ɗin ɗaya ne, gam ɗin ne ya bambanta: wasu akirilik, wasu da silikon a haɗe, kuma girman filastar ma ba ɗaya ba. Tsohon samfuri mai ɗan aljihun ruwa a tsakiya, wanda ke ɗauke da alkohol, ya fi damun fata fiye da sirara na yanzu da aka cuɗa maganin cikin gam. Wata kuma da an mayar da ita daga ta mako-mako zuwa ta kwana uku-huɗu, fatar ta samu sa'ida. Kada ki yanka filasta don ta ƙanƙance sai likita ya ce irin taki tana yankuwa, mai aljihun ruwa dai ba a yanka ta ko kaɗan.

In duk filasta ta ƙi ki, akwai jel na estradiyol kamar Oestrogel da Sandrena, da feshi kamar Lenzetto. Su ma ta fata suke shiga, ba gam, ba rufewa, sai dai a bar su su bushe kuma kada yaro ya goga jikinsa a wurin. Ƙwaya ma tana nan, amma ita tana bi ta hanta kafin ta shiga jini, kuma haɗarin daskarewar jini ya fi yawa da ita, shi ya sa wasu tun farko aka zaɓa musu filasta. In filastarki mai haɗe da homon biyu ce, kamar Evorel Conti ko CombiPatch, kuma mahaifarki tana nan, komawa jel yana nufin za a ba ki furojestojin, wato homon na biyun, daban don kare bangon mahaifa. Likitan fata kuma na iya yin gwajin alaji a bayanki ya gano ainihin sinadarin, domin a ɗan adadi na mutane homon ɗin kansa ne jiki ya ƙi.

Akwai abubuwan da ba sa jiran ranar asibiti. Wurin ya yi mugunya, zafi da kumburi suna faɗaɗa, ko zazzaɓi ya biyo baya: a gan ki a ranar. Borin jini a duk jiki, kumburin leɓe, fuska ko harshe, ko numfashi na sarƙewa: cire filastar, a nufi sashen gaggawa. Haka ma ciwo da kumburi a sha-raɓa ɗaya, ciwon ƙirji na farat ɗaya ko haki ba dalili, ko da fatar lafiyarta ƙalau.