Yadda Ake Sauya Tamostat na Hitar Ruwan Wanka

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kankama a Kaduna, hitar ruwan wanka da aka yi watanni ba a waiwaye ta ba takan koma aiki safe da yamma, kuma a lokacin ne lalacewar tamostat ke fitowa fili. Tamostat ƙaramar na'ura ce mai dogon tsinken ƙarfe, wadda ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, ta kuma maido da ita idan ya huce. Idan ta mutu, ko dai ruwan ya ƙi zafi sam, ko kuma ya yi ta tafasa har famfo ya riƙa feso tururi, kuma wannan na biyun ya fi haɗari.

Kafin a taɓa komai sai a kashe wuta, kuma a nan ne nake so mai karatu ya natsu. Kada a dogara da cewa an ɗauke wuta a unguwa, domin ana iya dawo da ita hannun mutum na kan waya, ko wani a cikin gida ya tayar da janareto ko ya kunna inbata bai san ana aiki a banɗaki ba. A kashe makunnin hitar, a sauke birekarta a babban akwatin wuta, a sanar da mutanen gida, sannan a gwada wayoyin da tastar da aka riga aka tabbatar tana aiki. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma ƙasan banɗaki ba ya rabuwa da laima. Wanda bai saba da aikin wuta ba ya kira mai gyara.

Idan an kwance murfin roba da ke ƙasan hitar, za a ga kan tamostat ɗin da wayoyi a jikinsa. Yawancinsu suna da ɗan maɓallin kariya da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima, kuma wani lokaci danna shi kaɗai ya isa. Idan ya sake faɗuwa bayan an kunna, to wataƙila na'urar ta gaji. Yana da kyau a sake kashe wuta a auna elimen, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwan a cikin tanki, da mitar awo ta masu gyaran wuta, domin kada a sayi abin da ba shi ne ya lalace ba: elimen mai wat 1500 yakan nuna kusan om 35 a kan mitar idan lafiyarsa ƙalau.

A ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu kafin a kwance su. A tsohon tsari, ja ce mai wuta, baƙa ce ta dawowa, koriya kuma ta ƙasa, wato ta kariya da ke kai wutar da ta zille cikin ƙasa. A sabon tsari kuwa mai launin ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ta dawowa, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa. Bayan an sassauta sukurorin, sai a zaro tamostat ɗin a miƙe. A irin wannan hitar tsinken yana zaune ne cikin busasshen bututu, don haka ba sai an zubar da ruwan tanki ba, muddin ba a kwance elimen ɗin ba.

A tafi da tsohuwar wurin masu kayan wuta, kamar na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, a nemi mai tsawon tsinke iri ɗaya da ƙarfin amfiya iri ɗaya, wanda galibi 16 ne ko 20, kuma a rubuce yake a jikinta. A tura sabuwar har ƙafafunta biyu su shige ramukan elimen daram, a mayar da wayoyi yadda hoton ya nuna, a ɗaure su tamau, domin sakakkiyar waya ita ce ke zafi har ta narkar da roba. Idan bakin wayar ya yi baƙi, a yanke shi a fere sabo.

Wasu masu gyara kan haɗa wayar kai tsaye da elimen su tsallake tamostat, wai kafin a samo sabuwa. Kada maigida ya amince da hakan ko na yini ɗaya, saboda babu abin da zai tsayar da tafasar, kuma tanki na iya fashewa idan bawul ɗin rage matsi ya toshe.

A saita zafin a kan digiri 60, wanda ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa cikin tanki, sannan a riƙa sirka ruwan kafin a yi wa yara wanka. A buɗe famfon ruwan zafi a tabbatar tankin cike yake, a mayar da murfi, a kunna wuta, a jira a ga fitilar hitar ta mutu da kanta bayan ruwan ya yi zafi.